Talata a Ƙetaren Gada

Masu rubuto mini a ƙasan labarin nan suna cewa, "Renita, ki faɗa wa Lamont gaskiya mana, ai ba kisan kai kika yi ba," na gode muku ƙwarai. Amma ku ba ku taɓa zama a teburin Mama ranar Lahadi ba. Ku bari in ba ku abin da ya faru tukuna, hukunci ya biyo baya.

Saboda sababbin zuwa, ni mace ce mai jiki, daga gidan masu jiki. Mama mai jiki ce, ƙanwarta Anti Verlene ta fi ta, kakarmu kuwa har ta rasu kujerarta daban ce a coci. A gidanmu ƙiba ba cuta ba ce, gado ce, kuma ana taƙama da ita. Mama ba ta iya cewa tana sonki da baki ba, da ludayi take faɗa. In kika ture faranti, to ita kika ture.

Babana ma haka yake, har ranar da ciwon suga ya fara da ɗan yatsan ƙafarsa. Aka yanke yatsa, aka dawo aka yanke ƙafar, shekarar da ta biyo muka binne shi. Ni ce mai wanke masa dungulmin kullum da safe, yana yi mini barkwanci don kada in yi kuka. Saboda haka da aka gwada jinina bara aka ce ina tsaye a bakin ƙofar wannan ciwon, ban ga takarda ba, ƙafar Baba na gani. Na tsorata, jama'a. Har yau a tsorace nake.

Asibitin garinmu ya daɗe da rufewa, yanzu shagon sayar da tayoyi ne. Likitar da na samu mai kula da masu ƙiba, Dakta Fontenot, tana can wani birni a jihar da ke ƙetaren Kogin Mississippi, ta waya take ganina, fuska da fuska a bidiyo. Mace ce mai haƙuri. Ita ce likita ta farko da ta dube ni ba ta fara da cewa in rage ci ba, sai da ta tambaye ni yadda nake barci da wanda na rasa. Ta ɗora ni a kan allurar rage ƙiba ta mako-mako, ta haɗa ni da tafiyar ƙafa, sugan jinina ya fara sauka, jikina ma ya fara sauka.

Matsalar ita ce doka. Lasisinta na jiharsu ne, kuma doka ba ruwanta da inda likita take zaune, inda mara lafiya take zaune take dubawa. In ina kan gadona a gida, haramun ne ta duba ni. In na haye gada na tsaya a wancan gefen, halal. Ruwa ɗaya, sauro ɗaya, amma doka biyu. An ce akwai ƙudurin da zai sassauta abin a majalisar jiharmu, ya je kwamiti ya yi filo ya kwanta. Su ai ba sa haye gada don ganin likita.

To duk Talatar da nake da ganin likita, sai in saci hutun cin abincin rana daga ofishin makarantar da nake aiki, in tuƙa in ƙetare. Da saukowa gadar akwai wani shagon soya tarwaɗa, bayansa akwai fili mai tsakuwa, nan ne sabis ya fi ƙarfi. Ba ni kaɗai ba ce. Motoci ne a jere, duk lambar jiharmu, kowa ya rufe gilashi ya kafa kwalin tare rana, yana magana da wayarsa. Mai ciwon zuciya, mai damuwa, mai irin nawa. Filin yana da ƙa'ida ɗaya wadda ba wanda ya kafa ta: ba a gaisuwa. Mu da ko karen maƙwabci ba ma wuce shi ba mu tambayi lafiyar mai gidansa ba, a nan sai ki ga malamin da ya koyar da ke lissafi, ki kau da kai, shi ma ya kau.

"Renita, kina ina yanzu?" Da wannan Dakta take farawa kullum, dole ce a kanta.

Sai in juya wayar ta ga allon shagon da hoton kifinsa mai gashin baki. "Ina jiharki, Dakta. Ina shaƙar ƙanshin abin da kika hana ni."

"Ban hana ki ba. Cewa na yi guda ɗaya, ba kwando ba."

Allurar kuwa ba ta kwana a gida. Tana son sanyi, firij ɗin Mama kuma ko ƙwai ɗaya ya canza wuri sai ta sani. A firij ɗin malamai nake ɓoye ta, cikin jakar abinci.

A filin nan, wata Talata cikin bazara, iska ta ture kwalin motar da ke kusa da tawa. Tsohuwar mota ce ja, da tambarin cocinmu a gilashin baya. Na waiga ba da niyya ba, sai idona cikin idon Iya Odessa, mahaifiyar Lamont, uwar matan cocinmu, wadda kowa har Fasto yake kira Iya. Tabarau a kan hanci, waya a hannu, sikelin awon jiki a kan kujerar gefenta. Ta daskare, na daskare. Ta miƙa hannu a hankali ta gyara kwalinta.

Ku gane nauyin abin. Ba a daɗe ba kafin nan, matar nan ta miƙe a gaban coci cikin farar rigarta ta ba da shaida cewa azumi da addu'a ne kaɗai suka sauke mata jiki, suka raba ta da ciwon gwiwa. Mata suka yi ta kuka, ana tafi, mai ganga ya kusa fasa gangarsa. Tun daga ranar filin nan ba mu taɓa tayar da maganar ba. A coci ta rungume ni ta ce, "'Yata, Ubangiji ya albarkace ki," in ce, "Amin, Iya," kowa ya wuce da abinsa a ciki.

Shi kuwa Lamont, saurayina, a jirgin da ke tura manyan kwale-kwalen hatsi a kogi yake aiki. Ya yi makonni a ruwa, ya dawo ya yi makonni a tudu. Dogo ne, ba shi da yawan magana, dariyarsa a kafaɗa take. Ranar da ya fara tare ni a wajen cin abincin coci, ya dubi farantina ya dubi nasa ya ce, "Yauwa. Ni ba na son macen da iska za ta ɗauke mini daga kan jirgi." Na yi dariya har da hawaye, don ba a taɓa so na a bainar jama'a haka ba. Wannan maganar da ta faranta mini rai ita ce daga baya ta ɗaure mini baki. In na zama wadda iska za ta iya ɗauka fa? Shi ya sa duk dawowarsa nake tarbarsa cikin manyan riguna masu faɗi, ko ana zafi kamar a kicin.

Ranar Asabar da yamma ina taya Mama tsinke ganye, wayata ta yi ƙara.

"Gobe ki sa rigar nan shuɗiya. Da Mamana zan zo."

Na rubuta, "Lafiya?"

"Lafiya lau. Ki sa shuɗiyar dai."

Na san ma'anarsa, maganar aure ce, Mama ma ta sani, don tun Alhamis take goge cokulan da ba a fito da su sai Kirsimeti. Ina cikin murmushi wani saƙon ya shigo.

"Nita, akwai abin da kike so ki faɗa mini kafin gobe?"

Na rubuta masa dogon bayani, tun daga ƙafar Baba har zuwa gada. Na karanta, na goge. Na sake rubutawa, na sake gogewa. A ƙarshe abin da na tura shi ne, "Babu, sai dai na yi kewarka." Ya gani, bai amsa ba. Lamont da ko yana tsakiyar kogi sai ya turo mini hoton zuciya.

Shuɗiyar rigar kuwa ta zama buhu a jikina. Na tsaya gaban madubi na kama ta da fil ta baya, na ɗaura faffaɗan bel, na ɗora 'yar farar rigar sanyi a kai. Na sa 'yan kunnen kakata, na gyara gashi. Na yi kyau, ba zan ɓoye muku ba. Amma ji nake kamar ɓarauniya ce ta sa kayana.

Bayan coci tebur ya cika har ba wurin ajiye gwiwar hannu. Soyayyar kaza, tarwaɗa, ganye da aka dafa da ƙashin naman alade, taliya da cuku, burodin masara, wake, shayi mai ƙanƙara da sukarinsa ya isa ya tsayar da cokali, ga kek ɗin dankali guda biyu suna jira a kan taga. Iya Odessa ta zauna da hularta mai fure, ta yi addu'a doguwa. Lamont yana gefena cikin kwat, aljihunsa na dama ya yi tudu. Bai dube ni sosai ba.

Mama ta ɗora mini cinyar kaza ta biyu. Na ce, "Mama, wannan ta ishe ni."

"Ta ishe ki? Dubi wuyanki, yarinya. Mutane za su ce ba na ba ki abinci."

Sai Anti Verlene ta ajiye cokalinta. Duk wanda ya san Anti ya san in ta ajiye cokali akwai abinci a gabanta, to magana ce babba.

"Yaya, ki yi haƙuri, amma ni ba zan bari yaron mutane ya ciro abin da ke aljihunsa ba sai an wanke maganar nan. Ni na goya Renita, ba ƙinta nake ba."

"Verlene, yau Lahadi," in ji Mama.

"Lahadi ce ranar gaskiya. Talatar da ta wuce na haye sayo kayan gashi na shago, sai ga motar 'yarki a gabana, ta karya ta shige bayan shagon kifi. Na ce bari in tsaya mu gaisa. Me zan gani? Ta shafa jan baki, ta kafa waya a gaba, tana murmushi, tana dafa ƙirji, tana dariya har da sunkuyar da kai. Da wa? Kuma me ya sa sai an ƙetare kogi? Mace ba ta ramewa haka kawai, ba ta ture kek ɗin uwarta haka kawai. Ko ciwo ne, ko namiji. Na gamu da Lamont a gidan mai na faɗa masa, don ni ba na cin naman mutum a bayansa."

Ashe dalilin saƙon jiya ke nan. Na dubi Lamont, idonsa yana kan farantinsa, jijiyar wuyansa ta tashi.

Sai na dubi Iya Odessa. Ita kaɗai a ɗakin nan ta san abin da ake yi a bayan shagon kifi. Kalma ɗaya daga bakinta ta isa, don in ta ce yarinyar nan ba ta da laifi, ko Anti ba ta isa ta ɗaga murya ba. Na roƙe ta da ido. Ta sunkuyar da kai tana yanka burodin masara ƙanana ƙanana. Na ji haushinta a lokacin, sosai ma.

Na ajiye adikona. "Mace ce, Anti. Likita ce."

Kowa ya daina ci.

Na faɗa musu duka. Gwajin jini, allura, firij ɗin makaranta, doka, gada. Muryata tana tsinkewa ina ɗaurawa. Na ce ni na wanke ƙafar Baba, kuma ba na so wata rana ɗana ya wanke tawa.

Mama ta juyo ta dube ni. Da ta buɗe baki, muryarta ƙasa ƙasa ce, gara a ce ihu ta yi.

"Wato abincina guba ne."

"Ban ce ba, Mama."

"Da hannun nan na ciyar da ubanki har ya koma ga Ubangiji. Ni na kashe shi ke nan?"

"Mama, don Allah..."

Ta miƙe, ta ɗauki kwanon ganyen da ba a ma ci rabinsa ba, ta shige kicin. Ban taɓa jin zafin abu kamar ƙarar ƙofar nan ba, ga shi a hankali ta rufe ta.

Anti Verlene ta ɗan ji kunya, amma Anti ba ta san ja da baya ba, sai dai ta canza hanya. "To ai shi ke nan, tunda ba namiji ba ne. Amma allura, Renita? Irin ta matan talabijin? Ki riƙa soka wa cikinki abin da ba ki san da me aka yi shi ba? Ga Iya Odessa nan zaune, dubi yadda ta koma kamar budurwa, da gwiwa biyu a ƙasa ta samu. Ba likita, ba waya, ba haye gada. Iya, gaya mata!"

Jama'a, maganar ta zo mini har bakin haƙora. Jar mota, kwalin tare rana, sikeli a kujera. Da na sake ta, da Anti ta haɗiye harshenta, da ni ma na samu abokiyar kunya. Na juya na dubi tsohuwar. Fuskarta ta yi toka-toka a ƙarƙashin hoda. Sai na tuna wannan matar gwiwarta ta taɓa hana ta hawa matakalar coci, kuma ita ma tsoro ne ya kai ta filin nan, irin nawa. Shekarunta sun ninka nawa, mutuncinta kuma shi kaɗai ta tara a duniya.

Na ce, "Iya tana da bangaskiyar da ban kai ba, Anti. Ni ta inda aka buɗe mini na bi."

Lamont ya ture kujerarsa baya. Na ce shi ke nan, tafiya zai yi.

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Kai ka ce ba ka son wadda iska za ta ɗauka."

"Nita. Wasa fa nake. Farantinki na gani, na rasa ta inda zan fara yi miki magana!" Ya shafa kansa da hannu biyu. "Tun jiya ban runtsa ba, ina ta tsara yadda zan zubar wa wani ƙato haƙora. Ashe likita ce. Kin bar ni ina kishi da likita."

"Ka yi haƙuri."

"Ban huce ba, ki sani. Wata nawa kina haye gadar nan ke kaɗai, ni ina wucewa ta ƙarƙashinta da jirgi kamar wawa. Wannan za mu yi maganarsa." Ya sa hannu a aljihu. "Amma ban sa kwat cikin zafin nan a banza ba."

Ya durƙusa a tsakanin tebur da kabad, wurin ma bai ishe shi ba. Anti ta dafe baki. Ni kuwa hawaye sun riga sun ɓata mini kwalliya. Ya ce tun bara ya auna yatsana da zaren kamun kifi, wata rana da na yi gyangyaɗi a lilon baranda, ya kai wa maƙeri, don kada a samu kuskure. Na ce na yarda tun bai gama tambaya ba. Ya zura mini zoben.

Na sauke hannu don in share ido, sai zoben ya zame. Ya bugi gefen faranti, ya faɗa ƙasa, ya gangara ƙarƙashin tebur muna jin ƙararsa a kan katako. Da tsohon yatsana aka auna shi. Lamont ya bi hannuna da kallo, kuma a karon farko na ga ya gan ni da gaske, wuyan hannun, fil ɗin da ke leƙowa ta bayan riga, bel ɗin da aka ƙara wa huda. Ban iya karanta fuskarsa ba, tsoro ya sake rufe ni.

A ƙafar Iya Odessa zoben ya tsaya. Ta sunkuya da kanta ta ɗauka. Ta buɗe jakarta ta ciro ɗan ƙwarƙwaron farin zare, irin wanda matan coci ba sa rabuwa da shi, ta ce, "Zo nan, 'yata." Na zagaya na tsaya a gabanta. Ta shiga naɗa zaren a cikin zoben da sauri, ba ta ko dubawa, kamar wadda ta saba. A nan idona ya sauka kan hannunta na hagu. Zoben aurenta, wanda ta fi shekara arba'in da shi, a naɗe yake da irin wannan zaren ta ciki, har ya yi duhu don daɗewa.

Ta ciji zaren ta tsinke, ta kama hannuna ta zura mini. Ya zauna daram. Ba ta sake ni ba, ta jawo ni kamar za ta sa mini albarka, ta ce a kunnena, "Talata mai zuwa, mota ɗaya ta ishe mu."

Iya ta manta kunnenta ya yi nauyi, raɗarta ta fi maganar wasu ƙarfi. Anti Verlene ta tsaya da kofi a hanyar baki. Ƙofar kicin ta buɗe, Mama tana tsaye da kek ɗin dankali a hannu, idonta jawur. Lamont kuwa, yana durƙushe har yanzu, ya ɗago kai a hankali.

"Mama," ya ce wa Iya, "ke kuma ina za ki ranar Talata?"